Shin Nasara sun taɓa bincikar gardi sarki kan cin hanci?

Wani ɗalibin tarihi daga Tawa ya aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, marigayi kakana ya sha ba mu labarin yadda gardi sarki suka zo garinsu karɓar lanho, wato haraji, zamanin Nasara, aka biya kuɗin cif, amma duk da haka suka kora raguna biyu suka ɗaure dammunan hatsi suka yi gaba. Ina son in yi rubutun kammala karatuna a kan wannan. Shin Faransawa suna bincikar ƴan sandansu kan cin hanci kuwa? In suna yi, ina takardun suke, yaya kuma zan karanta su?"

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Allah ya jiƙan kakanka, ya sa wa karatun albarka. Suna bincike, kuma takardun da suka bari sun fi yadda kake zato yawa. Sai dai kada ka shiga cikinsu da tsammanin za ka tarar da shari'ar ragunan kakanka. Na daɗe ina juya irin waɗannan takardu a nan Yamai, abin da na gane shi ne kukan talaka shi kaɗai ba ya buɗe bincike. Ana buɗe shi ranar da cin ya taɓa asusun gwamnati, ko ya sa mutane suka watse suka bar gari kango, ko kuma wani babba a bariki yana son ganin bayan wani. Don haka fayil ɗin bincike yakan nuna maka wanda ya sha ƙasa a kokawar bariki ne, wanda ya fi kowa ci kuwa sau da yawa sunansa yana ƙasan takardar, wajen sa hannu.

Mu fara da sanin su wa ake nufi. In ka ce "ƴan sanda" a Tawa ta 1920 ko 1935, babu polis irin wanda ka sani yau mai kwamisariya da ofis. Wanda talaka ke gani shi ne gardi sarki, sunan da bakinmu ya murɗo daga garde de cercle na Faransanci, wanda har gobe da shi muke kiran gardin ƙasa. Yawancinsu tsofaffin soja ne da suka gama wa Faransa aiki, a farkon zamanin kuma da yawa baƙi ne daga yamma, Bambarawa da Mosawa, ba su da dangi a Adar balle su ji kunyar wani. Jar hula, bindiga, dorina. Can arewa wajen Azawak akwai gumiye masu raƙuma, su ke bin Abzinawa da Fulani da Larabawa har mashaya. Sai dogaran sarakunan kanto. Sai tafinta, wanda ba ya riƙe bindiga amma ya fi su duka iya kashe mutum da ransa. Ma'aikatar ƴan sanda ta ainihi, wadda suke kira Sûreté, sai a 1922 aka kafa cibiyarta a Dakar, hankalinta kuma yana kan manyan garuruwa: baƙin da suka shigo, malamai masu yawo, masu karanta jaridun da aka hana. Ragon wani manomi a bayan Keita bai dame ta ba.

Duk waɗannan mutane a ƙarƙashin mutum ɗaya suke, kumanda, wato Baturen da ke mulkin da'ira. Shi ne mai ƙidayar jama'a, shi ne mai karɓar lanho, shi ne shugaban gardi, shi ne mai gidan kaso, shi ne kuma ke zama kan kujerar alƙali a kotun da'ira. Ga kuma dokar andizana a aljihunsa, wadda aka shimfiɗa a duk Afirka ta Yamma ta Faransa a 1904. Da ita yana iya rufe mutum kwana 15 ya ci shi tarar tamma 100, wato dala 20, ba shari'a, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara. A 1924 an rage ma'aunin zuwa kwana 5 da tamma 15, amma aka bar ƙofa a ci gaba da tsohon a yankunan da hukuma ta keɓe. Laifuffukan kuwa har da nuna rashin ladabi ga wakilin hukuma da jan ƙafa wajen biyan lanho, har da kai ƙarar da aka ga ba ta da tushe. Ka dubi wannan na ƙarshe da kyau. Kakanka in ya tashi ya taka har Tawa ya ce gardi ya ƙwace masa rago, gardin ne ke tsaye bakin ƙofar barikin, tafinta ne zai juya maganarsa, wanda zai saurara shi ne ubangidan gardin, in kuma aka ce ƙarya yake yi, gardin ne zai ja shi zuwa kaso. Mai hankali sai ya haɗiye ya koma gona.

Wuraren cin kuwa sanannu ne, don duk inda doka ta ba wani ikon zaɓen wanda za a matsa, nan kasuwa take ci. Wajen ƙidaya, a bar sunan mamaci a cikin littafi a ci gaba da karɓar lanhonsa, ko a ɓoye mai rai a karɓi na goro. Wajen jangali, garken da ya kai 60 ya koma 40 a takarda, bambancin ya zama ɗan maraƙi a gidan wani. Wajen aikin dole na gyaran hanya da ginin bariki, wanda aka tsara tun 1912, ɗan mai hali ya zauna gida, ɗan marar gata ya yi nasa ya yi na wani. Wajen ɗaukar soja, musamman bayan dokar 1919 da ta sa aikin ya zama shekara 3, nan ne farashin ya fi tsada, don uba zai sayar da saniya da ya ga an tafi da ɗansa. Bayan yunwar 1931 aka tsananta rumbunan ajiyar hatsi na dole, su ma suka zama wata kafar. A gidan kaso kuma abincin fursuna da aikin fursuna duk suna bi ta hannun gardi.

Wani dattijo da na taɓa zama da shi a wani ƙauye tsakanin Tawa da Keita, shekaru da yawa da suka wuce, ya kwatanta mini zuwan gardi har yana tashi tsaye yana gwadawa. Ya ce ƙurar dokin ake fara hangowa, mata su kwashe kaji su tura bayan rumbu. Gardi ya sauka ƙofar mai gari, ba ya cewa a kawo, kowa ya san abin da ake kawowa: harawa da hatsi na doki, fura mai nono, kaza ko ɗan akuya, tabarma sabuwa. Sai ya zaro takarda daga cikin jaka ya riƙe ta, wani lokaci ma a juye, don shi ma bai iya karatu ba, ya ce takarda ta ce kaza. Wanda bai cika kuɗinsa ba a zaunar da shi cikin rana har danginsa su haɗo. Na tambayi dattijon ko sun san adadin da Nasara ya yanka musu na gaskiya. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce su ba su taɓa sanin inda na Nasara ya tsaya na gardi ya fara ba, duk baki ɗaya ne ya haɗiye.

Wannan dariyar ita ce matsalar farko da za ka ci karo da ita a rubutunka. A tsarin da hukuma da kanta take karɓar hatsi da dabba da ƙarfin mutum ba tare da yardarsa ba, mene ne cin hanci? Dokar Faransa tana da amsa tata. Akwai laifin da suke kira concussion, wato ma'aikaci ya karɓi abin da ya san ba a bin mutum, ko ya karɓi fiye da abin da aka yanka. Akwai kuma corruption, wato ya karɓi kyauta don ya yi aikinsa ko ya kau da kai. To amma kazar da gardi ya ci a rangadi fa? Kumanda ya san bai ba shi guzurin da zai ishe shi ba, ya san ƙauye ne zai ciyar da shi da dokinsa, shi kansa kumandan in ya fita rangadi haka ake yi masa, sai dai nasa ya fi yawa. Iyakar da suka ja ba tsakanin ɗauka da rashin ɗauka take ba, tana tsakanin abin da ya shiga littafin hukuma da abin da ya maƙale a hanya. Gardin da ya tsananta wa mutane har lanho ya cika kafin wa'adi, yabo yake samu a takardar shekara.

Masu binciken hawa uku ne. Na ƙasa shi ne kumandan da kansa, yana bincikar yaransa, mai dokar barci ke nan da aka ce ya kama masu gyangyaɗi. Na tsakiya shi ne sufeton harkokin mulki na cikin ƙasar, wanda gwamna ke aikawa daga Zinder, ko daga Yamai bayan an maido babban birni nan a 1926. Shi ma tsohon kumanda ne, wanda zai bincika abokin aikinsa ne, wataƙila ma gidansa zai sauka ya ci tuwon dare. Na sama su ne sufetocin ƙasashen mallaka da ke zuwa daga Paris, waɗanda ba sa ƙarƙashin gwamna, minista kaɗai suke ba rahoto. Waɗannan bariki na tsoronsu da gaske, rahotanninsu kuma su ne suka fi faɗin gaskiya ba kwana-kwana. Amma sai a yi shekaru ba su leƙo ba, ba su jin Hausa ko Tamashek, kuma ikonsu ya tsaya ga rubutawa. Ba su sauke kowa.

In kana son ka ga yadda abin ya faro, ba sai ka yi nisa da gida ba. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙone garuruwa, ta yi karo da Sarauniya a Lugu, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Me ya sa Paris ta aiko a bincika? Ba kukan mutanen da aka kashe ba ne ya kai can. Wani hafsa ne, Peteau, da aka kora daga rundunar, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana ba da labarin abin da ya gani, wasiƙar ta bi hannu har ta kai ga gwamnati. Aka taso Kanar Klobb daga ƙasar da ake kira Mali yau, ya biyo sawunsu yana ratsa garuruwan da suka zama toka. Ranar 14 ga Yuli 1899 ya cim musu a Dankori wajen Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin ƴan kwanaki sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet, kaburburansu na Maijirgi. Sauran rundunar ta wuce ta ci Zinder, Faransa ta riƙe abin da aka ci. Da ɗan majalisa Vigné d'Octon ya nemi majalisa ta kafa kwamitin bincike a 1900, aka ƙi. A 1902 aka rufe maganar da cewa zafin ƙasar Sudan ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Wannan ba shari'ar cin hanci ba ce, na sani, ta fi ƙarfin haka nesa, amma zubin da za ka yi ta gani ke nan a ƙananan fayiloli: Bature ne ya tona, an bincika ne don sunan Faransa, aka ɗora laifin kan halin mutum ɗaya ko biyu, tsarin ya fita da farar riga.

Haka aka yi a Kwango. Bayan ma'aikata biyu, Gaud da Toqué, sun kashe wani fursuna da nakiya a 1903, aka aika Brazza, wanda ya kafa wa Faransa mulki a ƙasar, ya bincika a 1905, su kuma aka yanke musu shekara biyar-biyar. Brazza ya rasu a Dakar kan hanyar komawa, rahoton da aka haɗa daga bincikensa aka kulle shi, sai a 2014 aka buga. A nan gida kuma, bayan yunwar 1931 da fara ta jawo a yammacin ƙasar, sufeto Bernard Sol ya zo daga Paris, rahotonsa ya ɗora wa hukuma nauyi: ta yi biris da alamun yunwa, ta ci gaba da matsa wa mutane kan lanho. Gwamnan lokacin, Blacher, ya bar Nijar, amma daga 1936 zuwa 1940 shi ne gwamnan Gini. In hukuncin babba ke nan, ka ƙiyasta yadda za a yi da kumandan da gardinsa suka kori raguna biyu.

A yankinku akwai abu ɗaya da ya fi komai saurin tayar da bincike, kuma ina ba ka shawara ka kama shi ya zama bakin zarenka: gudu. Iyakar Ingilishi tana nan kusa, daga Ƙonni ko Madawa dare ɗaya ya isa iyali su kwashe su tsallaka ƙasar Sakkwato, inda dangi suke, inda babu ɗaukar soja irin ta Faransa. Kowane gida da ya tsallaka, lanho ya ragu, sunan Faransa kuma ya zube gaban kishiyarta. Nan take gwamna zai rubuto yana tambayar dalili, kumanda kuma dole ya samo wanda za a ce shi ya kore su, ko sarkin kanto ko gardi. Ƙafa ita ce takardar ƙarar da talaka ya iya rubutawa, ita ce kuma aka fi karantawa. Sauran abubuwan da ke tayar da bincike su ne giɓi a lissafin lanho, da sabon kumanda mai son nuna cewa wanda ya gada ya bar ɓarna, da rikicin gidan sarauta inda ɗan'uwan da ya rasa rawani yake tara shaidu a kan wanda ya samu, da wasiƙar da ba sa hannu, wadda galibi wani akawu ne ko malamin lekol ya rubuta ta da dare.

Yanzu ga fayil a gabanka. Takarda ce shara-shara, kwafin keken rubutu, wani wurin tawadar ta koɗe, gara ta ɗan taɓa gefe, an buga hatimin sirri a sama. Shaida na farko: sunansa, sunan ubansa, "shekara kamar 40", manomi. Tambaya, amsa, tambaya, amsa, cikin Faransanci mai tsabta wanda mutumin bai taɓa furta ko kalma ɗaya daga cikinsa ba. A ƙasa an rubuta cewa an karanta masa an fassara, ya ce bai iya sa hannu ba, sai sa hannun kumanda da na tafinta. Abu na farko da za ka yi, duba sunan tafintan, ka je ka nemi alaƙarsa da wanda ake tuhuma. Na biyu, jera amsoshin shaidu gefe da gefe. In ka ga mutum biyar daga ƙauyuka uku sun faɗi magana ɗaya da kalmomi iri ɗaya, to baki ɗaya ne ya yi maganar sau biyar. Na uku, duba wanda ya je ya zo da shaidun, don gardi ne ake aikawa, sun kwana biyu a hanya tare, ya ishe shi ya koya musu abin da za su ce. Na huɗu, lura da kalmar cadeau. Kusan kowane wanda ake tuhuma da ita yake kāre kansa: kyauta ce, gaisuwa ce, al'adar ƙasa ce. Mu mun san gaisuwa, mun kuma san bambancinta da abin da aka miƙa ana kallon dorina, amma Baturen da ke son rufe fayil ya fi son ya yarda cewa haka baƙar fata suke. Ka kuma tuna cewa ba a barin lauya ya tsaya wa kowa a kotunan ƴan ƙasa.

Ikon tafinta ya zo ne daga yawan sauya kumandoji. Bature ya yi kamar shekara 2 a wuri, kafin ya gane wane ne wane an ɗauke shi, tafinta da babban gardi kuwa suna nan daram, su suka san gidan kowa. Akwai ƴan kaɗan da suka koyi harshe, kamar Francis Nicolas da ya yi aiki a Tawa ya yi rubutu kan Abzinawan Azawak, amma irinsu ba su da yawa. Kuma kada ka ɗauka tafinta kullum shi ke cin nasara. A Zinder a 1906 aka ce an gano makircin kashe Faransawa, aka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Bassa aka kai shi Kodebuwa, tafintan Faransawan ma yana cikin waɗanda aka kama, aka ɗora Bellama, wani bafade, kan garin, sarautar ba ta dawo ba sai 1923. Masana da suka koma kan takardun daga baya sun nuna yadda shari'ar ta ginu kan tsegumi da gabar cikin fada da ta cikin bariki. Ka karanta wannan shari'ar ko da ba ta Tawa ba ce, za ta koya maka shakkar kowace takarda mai hatimi.

Hukunci fa? Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A bariki sai karin maganar ta juye, gardin ne ya zama kurar. Shi ake rage wa igiya, a tsare masa albashi, a rufe shi, a kore shi, in abin ya yi tsanani a kai shi kotun ƴan ƙasa ya sha ɗauri. Sarkin kanto a cire masa rawani, wani lokaci a kai shi wani gari nesa. Bature kuwa ɗan ƙasar Faransa ne, kotun ƴan ƙasa ba ta da iko a kansa, sai kotun Faransa, wadda babbar kujerarta ke Dakar, kuma kafin a kai can an fi son a ce rashin lafiya ta kama shi a ba shi hutu, ko a mai da shi wata da'irar. Ba ina wanke gardi ba ne. Wanda ya zaunar da tsoho cikin rana ya san abin da yake yi, kuma akwai waɗanda suka yi aikin ba su yi haka ba. Amma in rubutunka ya tsaya kan muguntar gardi, ka maimaita abin da kumanda ya rubuta ke nan, don shi ma abin da yake so a yarda da shi ke nan: Nasara adali ne, yaransa ne suka ɓata shi. Har dattawanmu za ka ji wasu na faɗin haka, saboda hannun da ya doke su shi suka gani.

Abubuwa sun sauya a 1946. Aka soke andizana, dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu ta hana aikin dole, dokar Lamine Guèye ta 7 ga Mayu ta ba kowa matsayin ɗan ƙasa, shari'ar laifi ta fita daga kotunan ƴan ƙasa, a watan Mayun nan kuma aka kafa PPN, jam'iyyar siyasa ta farko a Nijar. Daga nan ƙara ta samu wata ƙofar: ɗan majalisa, jarida, ofishin jam'iyya. Za ka ga takardun ƙorafi sun yawaita, kada ka ce cin ne ya ƙaru, baki ne ya buɗe. Sai dai siyasa ta shigo da nata. Zamanin gwamna Toby, wanda ya riƙe ƙasar daga 1942 zuwa 1954, hukuma tana bayan jam'iyyar da take so, sarkin da ya bi ta an rufe ido a kansa, wanda ya karkata ga ƴan adawa a tono masa tsohon lissafin lanho. Da Sawaba ta Djibo Bakary ta karɓi gwamnati a 1957 ita ma ta tuɓe wasu sarakuna. Fayil na waɗannan shekaru, ka fara tambayar jam'iyyar wanda ake tuhuma kafin ka tambayi laifinsa.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa wajen Ingilishi an fi. Can dogarai da ƴan doka na hannun sarakuna, Turawa na kāre sarakunan don da su suke mulki, har sai da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a yi wa hukumomin gargajiya garambawul. A Hong Kong ma, sai da wani babban ɗan sanda Bature, Peter Godber, ya sulale ya gudu a 1973 ana tsakiyar bincikar dukiyarsa, jama'a suka fito titi, sannan a 1974 aka kafa hukumar bincike wadda ba ta ƙarƙashin ƴan sanda. Mu a lokacin mun shekara 14 da samun mulkin kai.

Takardun suna wuri uku. Ka fara da gidan adana takardun tarihi na ƙasa a nan Yamai: rahotannin rangadi na da'irar Tawa da Ƙonni da Madawa, rahotannin siyasa na wata uku-uku, littattafan hukuncin andizana, rajistar kotu, da fayilolin sarakunan kanto, waɗanda a ganina sun fi ko'ina nama. A Dakar akwai takardun gwamna janar: rukunin 2G na rahotannin shekara, 11G na Nijar, 21G na ƴan sanda, M na shari'a. Rahotannin sufetocin Paris suna Aix-en-Provence a Faransa. Kada ka ɓata lokaci kana neman kalmar corruption a jerin fayiloli, da wuya ka gan ta. Nemi exactions, abus, concussion, détournement, révocation, da exode, wato gudun nan da na gaya maka. Jaridar gwamnati kuma tana buga naɗi da kora, a nan za ka ga ranar da aka sallami gardi ko da fayil ɗinsa ya ɓata. Ka zo da haƙuri da ƙyallen rufe hanci, ƙura ce ta shekara 90.

Rabin aikin kuwa ba a takarda yake ba. Ka leƙa IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam da ke nan Yamai, akwai rubuce-rubucen ajami da na Larabci, ka leƙa CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, don abin da aka naɗa daga bakin dattawa. Kada ka raina ƴan bori. Wajen 1925 aka ga sababbin iskoki a Kurfai da Arewa, Babule, masu kwaikwayon soja da Nasara, kumandan Yamai na lokacin, Croccichia, ya kama masu yin su ya rufe, sai ga shi shi kansa ya zama iska a cikinsu, Kumandan Mugu. Mutanen da ba su da kotun kai ƙara sun ajiye shaidarsu a inda suka iya.

Game da ragunan kakanka, ka koma garinku ka zauna da tsofaffin mata, sun fi maza riƙe irin wannan, don su suka yi kiwon ragunan. Kada ka tambaye su shekara da lamba. Tambaye su kafin fara ne ko bayanta, wa ke sarautar kanto, wa ke mai gari, an riga an kafa rumbun dole ko tukuna, akwai gidajen da suka tsallaka Ingilishi a daminar ko babu. Ka tambayi laƙabin da ake kiran kumandan da shi, don kusan kowanne mutane sun raɗa masa suna, da laƙabin gardin, da yaren da yake yi in ya fusata. Da waɗannan za ka iya matse lokacin zuwa shekara 2 ko 3. Sannan ka zo Yamai ka buɗe rahoton rangadi na wannan kanton a waɗannan shekaru, ka duba abin da kumanda ya rubuta kan shigar lanhon garinku, ka ajiye shi gefen abin da tsofaffin suka gaya maka. In ka iso ka neme ni, sai mu duba tare.